Yammacin Aisilan ko Arewacin Nowe: Ina Za Ka Kai Hutunka da Kuɗinka?

Ƙanena da ke karatu a Jamus ya kira ni wata ranar Lahadi da yamma. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, na ɗan tara abin da na tara, ga hutun kwana goma, kuma wallahi na gaji da birane. So nake in je wuraren nan da teku ke kutsawa tsakanin duwatsu. Aisilan zan nufa ko Nowe?" Na ce masa ba zan amsa ba sai ya fara gaya mini abu biyu: a wane wata zai tafi, kuma zai iya riƙe sitiyari awa biyar ko shida shi kaɗai, wani wurin a kan burji, ga tumaki na tsallaka hanya? Ya yi shiru, can ya ce lasin ɗinsa bai kai shekara ba. Abin da na zayyana masa daga nan shi ne na ga ya dace in rubuta, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Mutanen can suna kiran irin wannan wuri fjord, a furta shi fiyod. Ba kogi ba ne, ba kuma tafki ba. Dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kaurin gaske ta danne ƙasashen nan, tana gangarowa zuwa teku a hankali tana rarake dutse kamar yadda gizago ke rarake turmi. Da ta narke sai ta bar kwari mai zurfi, ruwan gishiri ya shigo ya cika shi. Shi ya sa za ka tsaya a bakin ruwa mai kwanciya kamar na randa, dutse ya miƙe tsaye dama da hagu, alhali ruwan nan na teku ne, har kifayensa da tsuntsayensa.

Fiyod ɗin da suka fi suna, irin su Geiranger da na kewayen Bergen, suna kudu maso yammacin Nowe, kuma manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido sun cika su. Ba su nake nufi ba. Wurare biyu nake kwatantawa, duka can ƙuryar arewa. Na farko Vestfirdir, wato fiyod ɗin yamma na Aisilan, wani yanki da ya fito daga jikin tsibirin ta arewa maso yamma kamar tafin hannu da aka baza yatsunsa. Mutanen da ke zaune a cikinsa baki ɗaya kusan 7,000 ne, babban garinsu Isafjordur bai kai mutum 3,000 ba. Na biyu arewacin Nowe: birnin Tromso da abin da ke kewaye da shi, wato duwatsun Lyngen, tsibirin Senja, da jerin tsibiran Lofoten. Tromso kaɗai yana da mutum fiye da 75,000, da jami'a, da babban asibiti, da filin jirgin sama mai zirga-zirga kullum. Wannan bambanci na yawan jama'a shi ne tushen kusan duk sauran bambance-bambancen.

Ko a ido ba su yi kama ba. Duwatsun Vestfirdir masu shimfiɗaɗɗen kai ne, hawa-hawa kamar an jera faifai a kan faifai, domin aman wutar ƙasa ne da ya riƙa malala yana daskarewa bi da bi. Bishiya kusan babu. Na Lofoten da Senja da Lyngen kuwa tsini gare su kamar haƙoran zarto, suna fitowa kai tsaye daga ruwa, ƙasansu akwai 'yan kurmi da jajayen gidajen masunta. Hoton Nowe ya fi ɗaukar ido a waya. Aisilan kuwa sai ka tsaya a cikinta kafin ka gane abin da take da shi.

Yadda ake shiga, da yadda ake yawo a ciki

A nan ne yawancin mutane ya kamata su yanke shawara, tun kafin su kalli hoto ko ɗaya.

Arewacin Nowe yana karɓar wanda ba shi da mota. Daga Oslo, babban birnin ƙasar, zuwa Tromso bai cika awa biyu a jirgin sama ba. Daga Tromso akwai jirgin ruwa mai gudu zuwa Finnsnes, ƙofar shiga Senja, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Akwai bas zuwa Lyngen da ke shiga jirgin fito daga Breivikeidet zuwa Svensby. Mai son Lofoten yana iya hawa jirgin ƙasa daga Trondheim zuwa Bodo, tafiyar kusan awa goma, sannan ya shiga jirgin fito na awa uku da ɗoriya zuwa Moskenes. Hanya mai lamba E10 ta ratsa tsibiran tun daga Svolvaer har ƙauyen ƙarshe mai suna harafi ɗaya, Å, duk kwalta, ga gadoji, ga hanyoyin da aka huda ƙarƙashin dutse da teku. Sai jiragen Hurtigruten da ke bin gaɓar teku tun 1893, waɗanda za ka iya hawa daga wannan gari ka sauka a na gaba kamar motar haya. Bas ɗin ba su da yawa a ƙauyuka, ranar Lahadi ma sun fi ƙaranci, amma mai haƙuri da jadawali zai zaga.

Vestfirdir ba haka take ba. Daga Reykjavik, babban birnin Aisilan, zuwa Isafjordur kimanin kilomita 450 ne, awa biyar zuwa shida, kuma rabin ƙarshe na hanyar shiga fiyod ne da fita, shiga da fita. Za ka hango gari a tsallaken ruwa kamar ka yi jifa ka same shi, amma sai ka yi minti arba'in kana zagaye. Jirgin sama na cikin gida yana yin tafiyar cikin kusan minti arba'in, sai dai filin yana cikin kwari ne tsakanin duwatsu, iska ko hazo kaɗan sai a soke tashi. Akwai kuma jirgin fito mai suna Baldur daga Stykkisholmur zuwa Brjanslaekur, wanda ke sauke ka a kudancin yankin. Ko ta ina ka shigo, idan ka iso sai da mota. Wuraren da suka sa aka zo suna nesa da juna, kuma zagayen yankin gaba ɗaya ya kai kilomita 950.

An gyara hanyoyi sosai. Hanyar da ke zuwa Isafjordur ta arewa kwalta ce har ƙarshe, kuma ramin Dyrafjordur da aka buɗe a 2020 ya kawar da wata hanyar kan dutse da ƙanƙara ke rufewa duk hunturu. Amma hanyar Latrabjarg burji ce, ta Raudasandur kuma burji ce mai gangara da kwana-kwana a gefen rami. Gadoji da yawa mota ɗaya suke ɗauka. Iska tana iya fizge ƙofar mota daga hannunka idan ka buɗe da sakaci. Ni kaina wata mota da ta wuce ni da gudu ta watso mini tsakuwa ta tsaga gilashin gaba, kuma kamfanin da na yi haya a wurinsu ya cire kuɗin gyaran daga katina har sisin ƙarshe, domin inshorar da na saya ba ta haɗa da ɓarnar tsakuwa ba. Idan za ka je, ka biya wannan ƙarin tun a kanta. Ka kuma sani cewa sauka daga hanya ka tuƙa a kan ciyawa ko yashi laifi ne a Aisilan, tararsa mai nauyi.

Wane wata?

Vestfirdir wurin bazara ce, kuma bazararta gajeruwa ce: daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Kafin nan ko bayan nan masaukai da yawa a rufe suke, jiragen ruwan da ke kai mutane daji sun daina, hanyoyin kan dutse kuma suna iya toshewa. Hunturunta ba abin wasa ba ne. A shekarar 1995 zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutum 14 a Sudavik cikin Janairu, ta kuma kashe 20 a Flateyri cikin Oktoba. Idan ka je Flateyri za ka ga ƙaton shingen ƙasa da aka gina a saman garin bayan wannan musiba. A Isafjordur duwatsu kan tare rana tun daga Nuwamba, sai ranar 25 ga Janairu mutanen garin su sha kofi da waina irin tasu don murnar dawowarta.

Arewacin Nowe yana da lokaci biyu, har ma uku. Da bazara, rana ba ta faɗuwa a Tromso daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli, a Lofoten kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Da hunturu rana ba ta fitowa a Tromso daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, amma garin a raye yake, ana share hanyoyi, jirage na sauka. Lokacin ne ake zuwa ganin hasken nan kore da ke rawa a sama da dare, wanda ake iya gani daga Satumba zuwa farkon Afrilu idan gari ya yi garau. Lokacin ne kuma, daga Nuwamba zuwa Janairu, manyan dabbobin teku irin su orka ke bin garken kifin herin zuwa wajen Skjervoy, ana fita da kwale-kwale a gan su. Daga Maris zuwa Mayu kuma masu sulu a kan ƙanƙara ke cika Lyngen. Wannan na ƙarshe ba na sabon shiga ba ne. Dusar ƙanƙara ta sha binne baƙi a duwatsun nan, kuma ba a hawa sai da jagora da duba gargaɗin da hukuma ke fitarwa kullum a shafin Varsom.

Saboda haka duk wanda hutunsa ya faɗo tsakanin Oktoba da Mayu, maganar ta ƙare: Nowe. Gardamar tana kan wanda zai tafi a Yuli ko Agusta ne.

Kada kalmar bazara ta yaudare ka. A wuraren biyu zafin Yuli yakan tsaya wajen awo 10 zuwa 15, wato sanyin asubar hunturu a Jos ko Funtuwa, ga ruwan sama da iska a kai. Nowe takan samu ranakun da suka fi haka ɗumi. Sauro kuwa akwai shi a Nowe, musamman cikin kurmi da bakin tafkuna. A Vestfirdir ban taɓa jin kukan ko ɗaya ba.

Abin da ƙafarka za ta taka

Zan fara da inda zuciyata take. Latrabjarg wani bangon dutse ne a ƙarshen yammacin Aisilan, tsawonsa kilomita 14, tsayinsa a wani wurin mita 440, ƙasansa teku na dukan dutse. Tsuntsayen teku ne suka cika shi, kowane iri da benensa. A can sama, cikin ciyawa, wani ɗan tsuntsu da suke kira lundi yake haƙa raminsa: baƙi da fari, baki mai ja da rawaya, ƙafafu ruwan lemo, tafiyarsa kamar ta yaron da ya sa takalmin babansa. Ramukan nan sun rarake bakin dutsen, don haka ba a tsayawa a tsaye a gefe. Kwanciya ake yi rub da ciki a ja jiki a hankali. Na kwanta haka wajen ƙarfe goma na dare, rana tana rataye a kan teku ba ta da niyyar faɗuwa, sai ga ɗaya ya sauka bai fi kamu uku daga fuskata ba, ya jera ƙananan kifaye a bakinsa. Ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan, ya shige raminsa. Warin kashin tsuntsu, ƙarar dubbansu daga ƙasa, sanyin ciyawa a ƙirjina: babu shinge, babu mai sayar da tikiti, mutanen da ke wurin ba su kai goma ba. Ana samun lundi daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Agusta. Bayan nan sun koma teku. A wannan dutse ne a Disambar 1947 manoman yankin suka sauka da igiya suka ceto mutum 12 daga wani jirgin kamun kifi na Ingila mai suna Dhoon. Idan ka leƙa ƙasa ka tuna cewa cikin hunturu suka yi wannan, jikinka zai yi sanyi.

Sai Dynjandi, matsirgar da ke zubowa mita 100, faɗinta mita 30 a sama, 60 a ƙasa, tana bajewa a kan matakalan dutse kamar an shanya farin zane. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga inda ake ajiye mota, don haka har dattijo zai iya. Sai Raudasandur, rairayi mai ja-ja da ya kai kilomita goma a ƙasar da aka saba da baƙin yashi.

Amma abin da Vestfirdir ke da shi wanda Nowe ba ta da irinsa shi ne Hornstrandir. Yanki ne a can ƙarshen arewa da mutanensa suka watse suka bar shi a farkon shekarun 1950, aka mai da shi gandun kariya a 1975. Babu hanyar mota, babu kanti, waya ba ta kamawa a yawancin wurare. Kwale-kwale ne zai ɗauke ka daga Isafjordur ya sauke ka a bakin ruwa, ku yi alkawarin ranar da zai dawo. Duk abin da za ka ci a bayanka yake. Za ka tsallake rafuka masu sanyin da ke sa ƙashi ciwo, hazo yana iya rufe ka cikin minti goma. A can ne yanyawar ƙanƙara ke yawo ba ta tsoron mutum, domin ba a farautarta. Takan zo har bakin tanti tana shinshina. Wanda bai taɓa kwana a daji da jaka a baya ba kada ya fara da nan shi kaɗai. Akwai tafiyar yini ɗaya zuwa tsohon ƙauyen Hesteyri, akwai kuma ta kwana biyu ko uku da jagora zuwa dutsen Hornbjarg.

A Nowe abin ya fi kusa da hannu, kuma wannan ba aibi ba ne. Kusan kowane ƙauye yana da dutsen da za ka hau da safe ka sauko kafin la'asar. Reinebringen a Lofoten mita 448 ne, an shimfiɗa masa matakalan dutse kusan 2,000 da ƙwararru 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal suka gina. Gwiwa za ta yi kuka, amma daga sama za ka ga ƙauyen Reine da gadojinsa da tsibiransa kamar an zuba tsakiya a kan shuɗin mayafi. Akwai Ryten da ke kallon rairayin Kvalvika. A Senja akwai Segla, mita 639, wanda gefensa ɗaya ya yanke tsaye har ruwa; mafi kyau ka hau Hesten da ke kusa da shi, daga can ne ake ganin siffarsa. A Lyngen akwai tafkin Blaisvatnet mai shuɗin da ba ka yarda da shi sai ka gani, tafiyar duwatsu ce amma ba hawa sosai, da kuma kwarin Steindalen inda za ka taka har bakin daskararriyar ƙanƙara. Dutsen Jiehkkevarri, mita 1,834, na ƙwararru ne. Wanda ba ya son wahala ma yana da rabonsa: motar igiya a Tromso tana kai mutum mita 421 sama da birnin cikin 'yan mintoci, a Lofoten kuma kwale-kwale na shiga Trollfjord, inda mikiyar teku ke sauko wa kifi a gabanka.

Matsalar Lofoten ita ce kowa ya san ta. A Yuli za ka yi layi a matakalan Reinebringen, wurin ajiye mota ya cika tun hantsi, masauki sai wanda ya kama tun watanni. Mazauna wurin kusan 25,000 ne kacal, kuma sun gaji da shara da tantuna a bayan gidajensu, har majalisar ƙasar ta amince a 2025 da dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar harajin baƙi. Shawarata ga mai zuwa a Yuli: ya ba Senja da Lyngen yawancin kwanakinsa, Lofoten ya bar ta sai ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, lokacin da taro ya ragu kuma dare ya fara dawowa.

Kwana a tanti ma dokarsa ta bambanta. Nowe tana da wani haƙƙi da dokar 1957 ta tabbatar: kowa na iya yawo a dajin da ba gona ba, ya kafa tanti har kwana biyu, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150. Wasu wuraren Lofoten an taƙaita wannan saboda cunkoso, sai a duba allo. Ƙungiyar matafiya ta ƙasar, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki fiye da 500 a dazuzzuka. A Aisilan an tsaurara tun 2015: mai motar kwana dole ya kwana a sansanin da aka tanada, kuma ko mai tanti gara ya yi hakan. Sansanonin suna nan a kusan kowane ƙauye.

Aisilan tana da abu ɗaya da zai tuna wa wanda ya san Wikki a Yankari gida: ruwan ɗumi daga ƙasa. Akwai Hellulaug a bakin teku, akwai tukwanen Drangsnes, akwai Krossneslaug can inda hanya ta ƙare. Sai dai maza da mata tare suke shiga, kuma a wuraren wanka na gari ana buƙatar mutum ya yi wanka tsirara a ɓangaren jinsinsa kafin ya shiga ruwa. Wanda wannan bai kwanta masa ba ya nemi na daji da sassafe, lokacin da ba kowa, ko ya haƙura.

Kifin da muka sani

Akwai wata alaƙa tsakaninmu da wuraren nan biyu da ba kowa ya lura da ita ba. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda Inyamurai ke kira okporoko, daga nan yake zuwa. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kod yana gangarowa Lofoten don yin ƙwai, a kama shi, a rataye shi a kan manyan rumfunan katako iska ta busar da shi ba tare da gishiri ba. Jikin mai kyau yawanci Italiya ake kai shi, kawunan kuma Nijeriya. Aisilan ma tana busar da kawuna da ƙasusuwan kifi don kasuwarmu. Wanda ya je Lofoten a Mayu ko farkon Yuni zai tarar da rumfunan cike, warin ya tare shi tun daga nesa. Da na gaya wa wani dattijo mai aikin kifi daga inda na fito, sai ya nuna mini tarin kawuna ya ce can za su. Ban taɓa jin nisan gida ya ragu haka ba.

Salla da abinci

Wannan ne abin da ƙanena bai yi tunaninsa ba sam. Idan rana ba ta faɗuwa, yaushe ne magariba? A Tromso akwai masallacin Alnor, ɗaya daga cikin masallatan da suka fi kusa da ƙarshen arewacin duniya, kuma jama'arsa suna bin lokutan Makka a watannin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa. Wasu malamai kuma sun ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ka tsayar da abin da za ka bi, domin manhajar waya takan rikice a can ta ba ka lokutan da ba su da kan gado. Alƙibla ma ta sauya: mu da muka saba fuskantar gabas, a Tromso kudu za ka kalla da ɗan karkata zuwa gabas, a Vestfirdir kuma gabas da ɗan karkata zuwa kudu. A Vestfirdir babu masallaci, sai Reykjavik. Mai son Juma'a cikin jam'i da ganin 'yan uwa, Tromso ta fi masa.

Abinci kuwa kifi ne mafita a duka biyun, kuma kifi ne wanda ba ka taɓa cin irinsa ba. Naman halal ana samunsa a wasu kantunan Tromso; a ƙauyukan Vestfirdir kada ka sa rai. Ka kula da tsiran nan nasu na cikin burodi da ake sayarwa a gidajen mai: akwai naman alade a cikin yawancinsu, har na Aisilan da ake cewa na rago ne. Kalmar svin a jikin kwali tana nufin alade a harsunan biyu, skinke ko skinka kuma cinyarsa. Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, ba a yarda a shigo da nama daga wajen Turai ba. Yajinka kuwa ka ƙulle shi da kyau ka taho da shi, za ka gode mini. Ruwan famfo a ƙasashen biyu ya fi na gora.

Kuɗi da biza

Kowacce a cikinsu tana da tsadar da za ta sa ka riƙa lissafi da naira kana salati. Abin da ya bambanta su shi ne inda kuɗin ke tafiya. A Aisilan hayar mota da mai ne ke cinye rabin guzuri, kuma ba makawa. Idan ku huɗu ne kuka raba, abin ya yi sauƙi, idan kai kaɗai ne ya yi nauyi. A Nowe za ka iya kauce wa mota, amma masauki a Lofoten da bazara, musamman ɗakunan masunta da ake kira rorbu, yana da zafi. A duka biyun dafa abincinka shi ne ceto: Bonus a Isafjordur, Rema 1000 ko Kiwi a Nowe, ka kuma tuna yawancin manyan kantunan Nowe ba sa buɗewa ranar Lahadi. Da kati ake biyan komai, har bayan gida.

Ƙasashen biyu ba sa cikin Tarayyar Turai amma suna cikin yankin Shengen, don haka biza ɗaya ce, mai ba da kwana 90 cikin 180, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Wanda ke da takardar zama a wata ƙasar Shengen, kamar ƙanena, ba ya buƙatar wata biza. Mai tasowa daga gida ya nemi bizar ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, kuma zai tarar Oslo ta fi sauƙin kaiwa ta Istanbul ko Doha. Aisilan sai an ƙara sauka a wani birnin Turai. Lambar neman agaji ta 112 tana aiki a ƙasashen biyu.

Wanda na tura ina

Da a ce ni za a ba kwana goma a Yuli, da mota, da aboki ɗaya mai iya tuƙi, ba zan yi dogon tunani ba: Baldur zuwa Brjanslaekur, kwana biyu a kudu don Latrabjarg da Raudasandur, in bi ta Dynjandi zuwa Isafjordur, in ba Hornstrandir kwana uku, in bar kwana ɗaya ko biyu a sake saboda yanayi, domin a can iska ce ke da ikon jadawali. Shirun wurin nan ban same shi a ko'ina ba. Za ka yi awa guda kana tuƙi ba ka haɗu da mota biyar ba, ka kashe inji ka ji kukan tsuntsu ɗaya daga tsallaken ruwa.

Amma ban tura ƙanena can ba, kuma ba zan tura mai iyali da ƙananan yara ba, ko mai zuwa shi kaɗai karon farko, ko wanda ke da larurar da za ta iya buƙatar babban asibiti da gaggawa. Na ce masa ya sauka Tromso ranar Alhamis, ya yi Juma'a a Alnor ya tambayi mutanen wurin yadda suke yi da lokutan salla, ya ba Lyngen kwana biyu, Senja kwana huɗu, ya ajiye Lofoten sai wani zuwan.

Ya ce, "To Yaya, kaya fa?" Na ce takalmin hawan dutse wanda ya riga ya saba da ƙafarsa, ba sabo fil ba, rigar ruwa da wandonta masu tare iska, rigar ulu ta ciki maimakon auduga, domin auduga idan ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa, hula da safar hannu ko da Yuli ne, da ƙyallen rufe ido, in ba haka ba hasken ƙarfe biyun dare ba zai bar shi ya runtsa ba. Na kuma ce kowace safiya ya duba shafin hasashen yanayi na Yr kafin ya ɗaura takalmi, ya gaya wa mai masaukinsa dutsen da zai hau da lokacin da zai dawo, kuma idan ya ga hazo ya sauko kan Segla ya juya, ko da saura taku ɗari.